Baƙon Sadisu a Garu

Litinin, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Mun iso Dutse da azahar, ni da Baba. Likitan ido ya duba shi, ya ce yanar ido ce ta rufe idanun biyu, aiki za a yi, amma sai sugansa ya sauka. Ya ba mu mako biyu. Wannan littafin na saya don rubuta awon sugan safe da yamma, ga shi na juyo bayansa ina rubuta abin da ba a sa ni ba.

Na kama mana ɗaki biyu a otal mai kyau. Baba ya ce shi ba zai kwana a otal ba alhali yana da ɗa a gari. Ina tsaye a gabansa riƙe da jakarsa ya faɗi haka.

Sadisu yake nufi. Shekarar da aka kai ni makarantar kwana ita ce shekarar da aka kawo Sadisu gidanmu a Ringim koyon gini wajen Baba. Na fita da akwati, ya shigo da ƙullin kaya, har tabarmata ya gada. Yanzu shi ma magini ne, da matarsa Rakiya da 'ya'ya biyar, a cikin Garu, tsohon garin da ke cikin duwatsu. Ya zo ya same mu a bakin asibiti. Hannu kawai ya miƙa, Baba ya shafa tafin ya ce, "Sadisu."

Ni ɗan fari ne, Baba bai taɓa faɗar sunana ba. Alkunya ce, na sani. "Kai," ko "wannan," ko in ransa ya yi fari, "Injiniya."

Na gaya wa kowa hutu na ɗauka don in kawo shi. Hutu ne.

Talata, 6 ga Mayu, magariba

Na zagaya tsohuwar Alƙahira da ɗan jagora lokacin da aka tura mu kwas, amma shekarata arba'in da huɗu ban taɓa taka Garu ba sai yau.

Mota tana kai ka wani wuri ta ce ta gaji, sauran da ƙafa. Duwatsu ne manya-manya kamar giwaye sun durƙusa, mutane suka zo suka raɓa gidajensu a jikinsu. Akwai gidan da na gani bangonsa uku na ƙasa ne, na huɗun dutse ne kawai yadda Allah ya ajiye shi. Awaki a can bisa inda mutum ba zai hau ba. Dabino ya leƙo ta bayan katangu. Wani lungun in mai dakon itace ya taho sai ka koma da baya. Mun wuce ta gaban tsohuwar fada, dattawa suna zaune a inuwa, ɗaya ya ba ni labarin wai maharbi ne ya fara zama a nan saboda yawan gada. Na gyaɗa kai kamar ɗan yawon buɗe ido, don shi ne ni.

Baba ne ya ja mu, makahon. Hannun hagu a kafaɗar Sadisu, na dama yana bin bango. Sai ya tsaya ya ce wannan gidan Malam Bubayero ne, shekarar fari suka ɗora masa zanko. Ya matsa gaba, yatsunsa suka taɓa inda wani ya lafta siminti a kan ƙasa, ya ja tsaki. Sadisu ya yi dariya tun kafin Baba ya ce komai. Suna magana da rabin kalma, wannan ya fara, wancan ya ƙarasa. Makuba, ramno, azara. Na san kalmomin, na ji su a tsakar gidanmu ina yaro, amma a bakinsu kamar wani yare ne da aka yi don a hana ni ji.

Ni ina baya da gorar ruwa.

Wata tsohuwa mai sayar da dabino a ƙofar gida, Hajiya Hadiyya, ta gaisa da Baba har da ƙwalla. Sannan ta dube ni ta tambayi Sadisu ko baƙonsa ne. Ya ce ɗan Baba ne, injiniya ne a Abuja. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ashe Malam Ɗanladi yana da wani ɗan bayan kai?"

Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Laraba, 7 ga Mayu, azahar

Lambar nan ta Abuja ta kira sau huɗu, ban ɗauka ba.

Alhamis, 8 ga Mayu, la'asar

Na ce bari in shiga Garu ni kaɗai in koyi hanya, ba sai an riƙe min hannu ba. Na ɓata. Sau uku ina dawowa gaban rijiya ɗaya, matan da ke jan ruwa suka fara kallona suna ƙus-ƙus. Da na tambayi gidan da Malam Ɗanladi na Ringim ya sauka, ba wanda ya sani. Da na ce gidan Sadisu magini, mutum uku suka nuna da hannu lokaci ɗaya.

Kafin nan na hau wani dutse mai faɗi. Daga can ana ganin sabuwar Dutse baje a ƙasa, tituna, gine-ginen gwamnati, irin aikinmu. Ta wannan ɓangaren kuma rufin soraye, ja-ja, suna bin dutse kamar tare aka halicce su. Ana kuma ganin hanyar da ta yi arewa. Ban daɗe ina kallonta ba.

Suga da safe ya ɗan sauka. Rakiya tana yi masa tuwon alkama da miyar kuɓewa, ba wanda ya ce ta yi. Biskit ɗin masu suga da na sayo masa, mai tsada, na tarar yaran gidan suna ci. Shi ya raba musu.

Asabar, 10 ga Mayu, hantsi

Jiya na ƙirga. Daga azahar zuwa magariba sau goma sha huɗu Baba ya kira sunan Sadisu.

Lahadi, 11 ga Mayu, bayan la'asar

Matata Shamsiyya ta kira daga Abuja. Ta ce takarda ta zo, kwamitin bincike zai zauna ranar biyu ga watan gobe, in zo da duk abin da na sa wa hannu. Ta ce cikin ma'aikata biyun da aka kai asibiti an sallami ɗaya, da sanda yake tafiya. Ban tambaye ta ɗayan ba. Ta tambaye ni ko na gaya wa Baba, na ce mutumin da ake jira sugansa ya sauka ba a kai masa irin wannan. Ta ce yara suna gaishe ni.

Na je kasuwa neman wa Baba acca. Hanya ta bi da ni ta bakin tasha, ɗan kamasho yana ta kiran Jahun, Miga, Jahun, Miga, saura mutum ɗaya. Na juya. Ban sayo accar ba.

Talata, 13 ga Mayu, magariba

Yau sun kai ni inda Sadisu yake aiki. Zauren wani dattijo ne, Alhaji Ashafa, wanda suka ce kakansa ne ya gina shi. Baba ya taɓa gyara shi tun kafin a haife ni. Sadisu ya kankare saman rufin zai sabunta kafin ruwa ya sauka.

Zan faɗi gaskiya tunda babu mai karantawa. Da na shiga na ɗaga kai sai da na tsaya cak. Bakan gizo biyu sun taso daga bango huɗu sun gamu a tsakiya, babu rodi ko ɗaya, babu siminti ko cokali, ƙasa ce da azarar giginya. A waje rana kamar ta dafa mutum, a ciki sanyi kamar bakin randa. Na tsaya ina lissafin nauyin a kaina, ta ina yake bi ya sauka ƙasa, lissafin ya fita daidai. Wanda ya yi shi bai san lissafin ba, ya san ginin.

Baba ya sa aka kai shi jikin bango, ya ƙwanƙwasa da sandarsa, ya kasa kunne. Ya ce Sadisu ya kai hannunsa inda ya yi sabon yaɓe. Ya shafa, ya sake shafawa, sannan ya ce wa Alhaji Ashafa, "Wannan hannun ya wuce nawa."

Ni na gina bene mai hawa bakwai. An kai Baba ya gani lokacin idonsa yana gani. Abin da ya ce shi ne, to, Allah ya sa albarka, ina ne masallaci.

Akwai tsaga a bangon gabas, daga ƙarƙashin bakan zuwa kusan tsayin ƙirjina. Na gan ta. Ni yanzu ko'ina tsaga nake gani, har a silin otal.

Laraba, 14 ga Mayu, asuba ta wuce

Wannan hannun ya wuce nawa.

Alhamis, 15 ga Mayu, bayan magariba

Ban yi niyya ba. Ko na yi, ban sani ba.

Mun koma zauren da yamma. 'Ya'yan Alhaji Ashafa biyu suna nan, 'yan kasuwa ne, ashe sun daɗe suna son a rushe a yi shaguna da bulo, tsohon ne ya ƙi. Babban ya ji ana ce min Injiniya, sai ya ce to ga masani Allah ya kawo, me na gani. Da na ce ba fannina ba ne da shi ke nan. Sai na dubi Baba, hannunsa yana kan kafaɗar Sadisu, a zaune ma, inda babu inda za a ja shi.

Na taka zuwa bangon gabas na sa yatsa a kan tsagar. Na yi magana da muryar da nake yi a wajen taro. Na ce wannan alama ce gini yana zama, na ce bakan yana tura bangon waje, na ce in ruwa ya jiƙa rufin nauyi zai ninka. Na jefa Turanci biyu-uku. Na ce ni dai ba zan bar iyalina su riƙa wucewa ta ƙarƙashinsa ba, kuma duk mai gyaran da bai faɗi haka ba, ko bai gani ba ne ko bai so ya rasa aiki ba.

Sadisu ya ce, a hankali, tsagar a yaɓe take, ba ta shiga jikin gini ba. Na tambaye shi a wace makaranta aka koya masa bambancin.

Ya dube ni, ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, sai ya sunkuyar da kai ya shiga tattara kayan aikinsa. Alhaji Ashafa ya ce a dakata da aikin sai ya yi shawara.

Baba ya ce Sadisu ya kai shi masallaci.

Asabar, 17 ga Mayu, azahar

An dakatar. Rufin yana buɗe, an shimfiɗa masa leda an danne da duwatsu. Mutum huɗu da ke aiki da Sadisu suna zaune a gida. Maganar ta zagaya Garu, wai injiniya daga Abuja ya ce zauren Ashafa zai faɗi. Wani mai gida da ya yi wa Sadisu maganar yaɓe ya aiko cewa a bari tukuna.

Na je duba sugan Baba. Rakiya ta kawo min abinci kamar kullum, ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum. Sadisu ya ce min sannu da zuwa, Injiniya. Da ma ya zage ni.

Lahadi, 18 ga Mayu, la'asar

Na koma zauren lokacin da mutane suka tafi sallah. Na sa wuƙar aljihu a tsagar. Gaɓar yatsa ɗaya ta shiga ta tsaya. Na ɓanɓare kaɗan, a ƙarƙashi tubali ne lafiyayye, ko gezau. Na gwada sama, na gwada ƙasa. A yaɓe take.

Tun ranar Talata na sani. Ido ɗaya na yi mata na sani.

A ginin da nake kula da shi a Abuja, rodi mai kaurin milimita sha shida na rubuta a takarda. Mai sha biyu aka sa. Ranar da aka zuba kankaren ina Kaduna wajen ɗaurin aure, aka biyo ni da takardar, na sa hannu a kan bayan mota, ban je na gani ba. Wanda ya kamata in je in duba ban je ba, wanda ba shi da komai na tsaya a gaban mutane na yanke masa hukunci.

Litinin, 19 ga Mayu, hantsi

Suga ya sauka. Likita ya sa ranar Alhamis, idon dama. Ya yaba wa wanda ke kula da abincinsa, ya dube ni. Ban gyara masa ba.

Talata, 20 ga Mayu, magariba

Hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta taso ta yaye ledar zauren ta maƙale ta a kan dabino. Ina tsaye a lungu na ga Sadisu ya hau rufin da ba a ce ya hau ba, shi kaɗai, yana jan leda iska tana jansa. Ruwan bai sauka ba, ya wuce yamma.

Mutane a ƙasa suna cewa Allah ya yi masa albarka, aikin da aka kore shi. Ko a nan shi ne.

Laraba, 21 ga Mayu, bayan la'asar

Da safe na kai Baba asibiti a yi masa awon ƙarshe. Mu biyu ne kawai a kan benci, karon farko tun zuwanmu. Layi ya yi tsawo. Yana jan carbi, ban zaci zai yi magana ba, sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Yaron nan na Miga, an kawo shi gida ko a can aka rufe shi?"

Na ce an kawo shi.

Ya ce idonsa ne ya mutu, ba kunnensa ba. A rediyo ya ji labarin ginin da ya rufta tun ana sauran kwana tara in zo, an faɗi unguwar, an faɗi hawa nawa ne, ya san aikina ne don na taɓa gaya masa. Sauran kuma ya sa an kira masa Shamsiyya ta faɗa masa. Ya ce jira yake in buɗe baki da kaina.

Na tambaye shi wa ya kira masa ita. Na san amsar kafin ya faɗa.

Sadisu ya sani. Tun ranar da muka iso ya sani. Ranar Alhamis da na tsaya a zauren ina tambayarsa makarantar da ya yi, kalma ɗaya ce a bakinsa da za ta gama da ni a gaban Alhaji Ashafa da 'ya'yansa, ya haɗiye ta ya tattara kayansa. Ya kamata in ji kunya, na kuma ji. Amma abin da ya fi ci na, Allah ya yafe min, shi ne Baba ya ɗauki sirrina ya ajiye a wajensa. Ko abin kunyata sai da aka fara ba shi.

Na ce wa Baba me ya sa shi. Ya ce wa zai gaya wa, bango? Sannan ya ce, "Ni na hana ka taɓa laka, don kada bayanka ya lanƙwashe irin nawa. In laifi ne, nawa ne. Amma abin da ka yi a zauren Ashafa naka ne, kai za ka gyara."

Mu'az sunansa. Birkila ne, shekararsa ashirin da bakwai. Ni na sa aka ɗauke shi, don ranar da ya zo neman aiki ya gaishe ni da Hausar gida ya ce shi ɗan Jigawa ne. Wannan ne karo na farko da na rubuta sunan.

Laraba, bayan magariba

Na je. Alhaji Ashafa yana kan dakali da 'ya'yan nasa da wasu maƙwabta uku. Na so in same shi shi kaɗai, amma a gaban mutane na ɓata, sai na tsuguna a nan. Na ce tsagar a yaɓe take, na auna da hannuna, zauren zai fi mu daɗewa. Babban ɗan ya ce to me ya sa na faɗi wancan, kuma da wanne za su yi aiki. Na ce su yi aiki da na Sadisu, domin ni a halin yanzu an dakatar da ni daga aiki, ginin da na sa wa hannu ya rufta, mutum ya rasu.

Aka yi salati ƙasa-ƙasa. Tsohon ya daɗe yana kallona, sannan ya ce Allah ya jiƙan wanda ya rasu, ni kuma Allah ya ba ni ikon ɗauka. Ya aika a gaya wa Sadisu ya fito da safe.

A hanyar fita ban ɓata ba. Ban lura ba sai da na ga motata.

Alhamis, 22 ga Mayu, azahar

An yi aikin idon. Minti arba'in. An rufe idon da bandeji, gobe za a buɗe.

Juma'a, 23 ga Mayu, bayan sallar Juma'a

Zan rubuta wannan ma. Tun jiya nake addu'ar kada Sadisu ya zo, don in zama ni ne fuskar da Baba zai fara gani. Mutum mai 'ya'ya uku, da furfura a gemu. Bai zo ba, yana kan rufi yana tsere da hadari.

Ma'aikaciyar asibiti ta cire bandejin a hankali. Baba ya ƙifta, ya ƙifta, hawaye yana zuba daga idon. Ya dubi tagar, ya dubi hannunsa, sannan ya dube ni. Ya daɗe. Shekara uku rabon da ya ga fuskata.

Ya ce, "Ka tsufa."

Ya ɗaga hannu ya taɓa gemuna, sau ɗaya, kamar yadda yake taɓa bango. Na sunkuyar da kai don ma'aikaciyar tana wurin.

Muna shiga mota ya ce a fara biyawa da shi ta zauren Ashafa ya ga yaɓen. Likita ya hana shi shiga ƙura. Ya ce daga bakin lungu zai hango.

Minti nawa na samu? Goma, ko sha biyar.

Lahadi, 25 ga Mayu, la'asar

Sun gama rufin, saura makuba, yaɓen ƙarshe mai hana ruwa shiga. Na tsaya a ƙasa ina kallo. Sadisu ya sauko, laka har gwiwa, ya tambaye ni ko ina ganin bakin indararon ya isa ya ɗauke ruwan wannan faɗin rufin. Na dube shi in ga ko tausayi ne. Ban iya ganewa ba. Na yi lissafi na ce a ƙara ɗaya ta kudu. Ya ce shi ma abin da ransa ya ba shi ke nan, ya ƙara.

Na ce masa ya yafe min. Ya ce ai babu komai, Injiniya. Na ce akwai. Ya ce akwai, amma ya wuce.

Litinin, 26 ga Mayu, magariba

Ruwan farko. Awa ɗaya da rabi. Garu gaba ɗaya tana ƙanshin ƙasa, ruwa yana gangarowa ta lunguna daga kan duwatsu kamar an buɗe madatsa. Zauren ko ɗigo. Baba yana ƙofar ɗaki da baƙin tabarau yana kallon ruwa yana murmushi shi kaɗai.

Ya ce ba zai koma Ringim ba sai an yi idon hagu, nan da wata guda, kuma a nan zai zauna.

Ya ce kafin in tafi Abuja akwai inda zan fara zuwa. Ya ce Sadisu zai raka ni, don ni ban san yadda ake shiga irin wannan gidan ba. Na so in ce zan iya. Ba zan iya ba.

Laraba, 28 ga Mayu, bayan la'asar, a bakin hanya kusa da Jahun

Na tsaya a nan don in rubuta wannan. Sadisu ya sauka ya ba ni wuri.

Ƙauyen yana gaba da Miga kaɗan. Mun tarar mutane duk suna gona, ana shuka bayan ruwan shekaranjiya. Aka je aka kira mahaifin Mu'az, ya zo da sungumi a kafaɗa, dogo, siriri, tafiyarsu ɗaya. Aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. Sadisu ya yi gaisuwa, ya yi addu'a, ya jera maganar yadda ake jerawa, sannan ya ce ga injiniyan da ke kan aikin, ya zo da ƙafarsa. Daga nan ya ja bakinsa ya bar ni.

Na faɗa. Rodin, ɗaurin auren, bayan motar. Na ce haka zan faɗa wa kwamiti ranar Litinin, kuma abin da shari'a ta ɗora min game da matarsa da 'yarsa ba zan gudu ba. Ya saurara har na gama, idonsa a kan tabarma. Aka kawo ruwa a kwanon sha, ya tura min gabana.

Na shirya wa zagi, na shirya wa kuka. Abu ɗaya ya tambaye ni. Ya ce an gaya musu Mu'az ya kwana biyu a asibiti kafin ya cika, babu wanda ya iya gaya musu ko ya yi magana. "Kai da kake ubangidansa a can, ya samu ya yi kalmar shahada?"

Na ce ban sani ba. Na ce ban je asibitin ba.

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce to. Ya ce in na koma in nemi wanda yake wurin in tambaya, in aiko musu, don uwarsa kullum sai ta tambaye shi. Ya ce maganar yafiya kuma ba shi kaɗai ke da ita ba, in ba su lokaci. Sannan ya ɗauki sunguminsa ya ce mu yi haƙuri, ƙasa tana shan iska.

Wayar Sadisu ta yi ƙara yanzu. Ya zo ya miƙo min ta taga ya ce Baba ne, ni yake nema. Rakiya ce ta danna masa, lambar mijinta ta sani, ba wani abu ba ne. Na san ba wani abu ba ne. Na dai lura.

Baba ya ce, "Ka je?"

Na ce na je.

Ya ce mu taho a hankali, gabas ta yi duhu.

Gobe Abuja. Asibitin zan fara zuwa.